Kafin ka sayar da laftof ɗinka, ka sa a duba man furosesa

'Yan uwa, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu.

Lokacin rubuta furojek ya kama, kuma kuka ɗaya nake ta ji wajen ɗalibai: laftof ta yi zafi kamar dutsen guga, fanka tana ta ihu, kana tsakiyar aiki a SPSS sai ta ɗauke ɗif. Shawarar da ake ba mutum ba ta wuce biyu: ya sayi fankar da ake ɗora laftof a kai, ko ya sayar ya cika kuɗi ya sayi wata. A ganina duka biyun kashe kuɗi ne tun ba a gano ciwon ba.

Yawancinmu tokumbo muke riƙe da su, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad. Sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwar kwamfuta ta Ikeja. A cikin kowacce akwai furosesa, an danne ta da wani jan ƙarfe da ke janye zafi ya kai wa fanka. Komai santsin fuskokin nan biyu, akwai 'yan ramuka tsakaninsu da ido ba ya gani, iska kuma ba ta iya miƙa zafi da kyau. Shi ya sa ake shafa wani mai ruwan toka ya cike ramukan, masu gyara suna ce masa tamal fes. In ya daɗe sai ya bushe ya tsattsage. Ka haɗa da ƙurar hunturun da muke kwasowa daga gida duk hutu, ta toshe hanyar iska. Da furosesa ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta, in abin ya ƙi ta kashe kanta don kar ta ƙone. To ka ga fankar waje ba za ta kai ga wannan matsalar ba.

Na san wasu za su ce abin da ke aiki ba a buɗe shi, kar garin neman gira a rasa ido. Suna da gaskiya ta wani ɓangaren. In sabuwa ce mai garanti, ka bar ta. In ba ka taɓa riƙe sukudireba ba, kai wa mai gyara. Amma ka san abin da za a yi, kuma ka tsaya a yi a gabanka.

A fara auna zafin da manhajar HWMonitor ko Core Temp, don a kwatanta bayan aiki. A cire caja, a zare batir. A share fanka da ramukan iska tukuna, don wani lokacin ƙura ce kaɗai. A goge tsohon man tas da sifirit, a bari ya bushe. Sabon kuma ɗan kaɗan ne, kamar ƙwayar shinkafa, iyakar ya rufe fuskar furosesa. Lafta shi da yawa ba ya ƙara sanyi, ɓata wuri kawai yake yi. Notunan ƙarfen galibi suna da lamba, 1 zuwa 4, a bi su a jere ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan. A nemi mai na kirki irin Arctic MX-4, wanda ba ya ɗaukar wuta. Wanda ake kira ruwan ƙarfe kuwa a guje shi, ɗigo ɗaya a kan bod ya isa ya gama da kwamfutar. Batun makilin da wasu ke yaɗawa, don Allah a bari, bushewa yake yi nan da nan.

Bayan an gyara, mu daina ɗora ta a kan katifa ko filo, ta ƙasa yawancinsu ke shaƙar iska. Kuma kafin kowa ya taɓa noti ɗaya, ka kwafe babobinka da datarka a filash da Google Drive. Sufabaiza ba zai ɗage maka difens don kwamfuta ta yi zafi ba.

Wanda ya san mai gyara mai amana kusa da makaranta, ya taimaka wa 'yan uwa da kwatance. Allah Ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.