A Gina Wa Kiwo Gidan Tarihi a Kudancin Kaduna

A gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai fili da aka sake gina ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa, mutum ya shiga ya taɓa. Makiyayi kuwa ba shi da irin wannan wuri a yankinmu, alhali daga Kauru zuwa Kaciya da Kafancan, shanu sun daɗe suna cikin rayuwar kowa.

Ina ganin Ladduga, makiyayar da aka keɓe a ƙaramar hukumar Kaciya, ta dace da wannan aiki. Ba sai an kashe maƙudan kuɗi ba. A kafa ruga ta gaske: bukkar kara da ciyawa, dangwalin ɗaure maruƙa, jeren ƙore da faya-fayan rufi, maburgi, da ƴan fararen shanu Bunaji. A ɗauko dattijuwar da ta iya kaɗa nono ta nuna wa ƴan makaranta yadda mai ke tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu, na manoma da na makiyaya, labarin faɗa kaɗai suka tashi da shi. Ba su san cewa a da manomi ne ke gayyatar Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi ba, shanu su ci kara su bar taki. Don haka a gina rumbun manomi kusa da rugar, a shata burtali tsakaninsu.

Gwamnatin Kaduna da masarautar Kauru su fara da ɗaukar muryoyin tsofaffin ardo-ardo tun suna raye.