Tarar Naira Dubu 700 Ba Ta Razana Mai Neman Kujera

Kwanan baya gardama ta sarƙe a ɗakin kwananmu tsakanina da wani abokin karatu, mutumin Zurmi, a kan ƙayyade kuɗin da 'yan takara ke kashewa wajen neman zaɓe. Shi a ganinsa wannan ɓata tawada ne kawai. Ya ce duk wanda zai zagaya ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba, dole ya sayi mai, ya ɗauki 'yan rakiya, ya ciyar da jama'a. In an ɗaure masa hannu, mai riƙe da kujera ne ya ci riba, tunda shi da motocin hukuma yake yawo.

Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma bari mu dubi abin da aka rubuta. Dokar Zaɓe ta 2010 ta yanka wa mai neman Majalisar Wakilai Naira miliyan 20, ta 2022 kuma ta ɗaga shi zuwa miliyan 70. To, mene ne hukuncin wanda ya ƙetare iyaka? Dokar 2022 ta ce tarar kashi 1 cikin 100 na adadin, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyu. Wato a zamanin dokar 2022, sai mai neman wakiltar Shinkafi da Zurmi ya zubar da abin da ya ga dama, ya biya Naira dubu 700. Ashe mutumin da ya sayi fom ɗin jam'iyyar APC Naira miliyan 10 a shekarar 2022, wannan ce za ta hana shi barci?

Mun kuma ga maganin gaggawa a farkon 2023, sa'ad da aka canja fasalin Naira, aka ce masu sayen ƙuri'a za su rasa tsabar kuɗi. Mai sayar da albasa a kasuwar Shinkafi ne ya ji jiki, har gwamnatin Zamfara ta bi sahun Kaduna da Kogi zuwa Kotun Ƙoli. Su kuwa 'yan siyasa suka koma rabon taliya da atamfa da sabulu.

Ni dai ina goyon bayan iyaka, amma ƙarfinta yana ga tona lissafi. Dokar 2022 ta wajabta wa jam'iyyu miƙa wa Hukumar Zaɓe bayanin abin da suka kashe cikin wata 6 bayan zaɓe, su kuma buga shi a jaridun ƙasa. Don Allah, manomi nawa a Birnin Magaji ke karanta jaridar Turanci ta Ikko? A tilasta wa kowane ɗan takara, shi da kansa, ya bayyana wanda ya ba shi da abin da ya kashe, tun daga zaɓen fid da gwani, inda ake sayen wakilai a ɗakunan otal. A fassara da Hausa, a manna a ofishin Hukumar Zaɓe na Ƙaura Namoda, a karanta a rediyo. Wanda ya ɓoye, a ƙwace kujerar. Mu mutanen Zamfara mun san ana iyawa: a watan Mayu na 2019 Kotun Ƙoli ta rushe nasarar APC baki ɗaya a jiharmu saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani.