Nijar: Ina bayi za su kai kuka yanzu?

Idan masu karatu ba su manta ba, a ranar 27 ga Oktoba, 2008 ne kotun ECOWAS ta zauna a Yamai, inda ta sami gwamnatin Jamhuriyar Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

An sayar da Hadijatou ne a 1996 tana 'yar shekara 12 a kan sefa 240,000, ta zama wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu ba tare da ɗaurin aure ko sadaki ba. Bayan da ubangidan nata ya ba ta takardar 'yanci a 2005 sai ta auri wanda take so, shi kuwa ya kai ƙara cewa matarsa ce. Abin takaici, ita kotu ta yanke wa ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure, alhali tun 2003 dokar ƙasar ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga mai bautar da mutum.

Wannan ya nuna mana cewa ba dokar ce babu ba, masu aiwatar da ita ne ke nauyin hannu idan mai ƙara talaka ne. Sai a 2014 ne wata kotu a Birnin Ƙonni ta fara ɗaure wani mutum saboda ajiye wahaya, shi ma shekara huɗu kacal.

Abin da ya ceci Hadijatou shi ne, kotun ECOWAS na karɓar ƙarar ɗaiɗaikun mutane ba tare da sun gama bin kotunan ƙasarsu ba, kuma ƙungiyar Timidria ta tsaya mata. To amma a ranar 29 ga Janairu, 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, lamarin da ya toshe wannan hanya ga waɗanda za a zalunta nan gaba.

Saboda haka nauyin ya dawo kan alƙalai da jandarmomin Nijar. Mu ma a nan bai kamata mu naɗe hannu ba, domin binciken Timidria ya nuna ana tsallakowa da irin waɗannan 'yan mata zuwa Arewacin Nijeriya. Muna kira ga hukumomin ƙasashen biyu da su riƙa gurfanar da mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.