Matuƙan jirgin sama: Me ya sa ɗan Damagaram ke rasa kujera a gida?

Jiragen fasinja na sauka a filin jirgin Zinder daga Yamai, amma matashin Damagaram da ke burin zama matuƙi sai ya bar ƙasar kafin ya kai ga kujerar gaba. Makarantar EAMAC da ke Yamai masu kula da zirga-zirgar jirage, masana yanayi da injiniyoyi take yayewa. Mai son tuƙin jiragen fasinja yakan nufi kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko wata ƙasa mai nisa, galibi da kuɗin iyayensa.

Lasisin ma somin-taɓi ne. Ɗalibi na fitowa da awa 200 ko kusa da haka a sama, alhali lasisin da ke ba shi damar zama kyaftin na buƙatar awa 1,500. Ana cike wannan giɓi ne a kujerar mataimaki, kuma a nan Nijar ke da rauni. Air Niger ya durƙushe a 1993, Air Afrique ya bi sahu a 2002. Da Niger Airlines ya fara jigila a 2014, da jiragen Fokker 50 na haya daga kamfanin Falasɗinu ya fara. Haya na sa jirgi ya tashi da wuri, sai dai ba ta tilasta wa kowa horar da 'yan ƙasa.

Wanda ya fita waje kuma zai tarar da wata ƙa'ida: a manyan kamfanoni ranar ɗaukar aiki ce ke tsara ƙarin girma. Wanda ya sauya kamfani yakan koma ƙarshen layi komai ƙwarewarsa, shi ya sa rikicin ma'aikata a wannan fanni ke da zafi. A 2001 kamfanin Cathay Pacific na Hong Kong ya kori matuƙa 49 ana tsaka da taƙaddama, ƙungiyar matuƙa ta duniya IFALPA ta kira mambobinta su ƙaurace wa neman aiki a can. Waɗanda suka karɓi aikin duk da haka sun daɗe abokan aikinsu na yi musu kallon maciya amana.

Ga matashin da ya ci bashi ya yi karatu, irin wannan guraben da ake buɗewa lokacin rikici su ne suka fi sauƙin samu, kuma su ne ke iya ɓata masa suna.

A maƙwabciya Najeriya, inda ɗan Zinder zai fi saurin leƙawa, kasuwar ba ta da tabbas. A Agustan 2020, lokacin annobar korona, Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70, Bristow ya sallami matuƙa da injiniyoyi kusan 100 yana cikin rikici da ƙungiyar NAAPE.

Abin da ke hannun hukumomin Yamai shi ne yarjejeniyar haya da lasisin kamfanoni. Za su iya gindaya sharaɗin ware kujerun mataimaka ga 'yan Nijar a jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Yamai, Zinder, Maraɗi da Agadez.