Lauya ko Ma'aikacin Bankin Zuba Jari: Wanne Za Ku So Wa Ɗanku?

Makon jiya wata uwa da ke zaune a Agege ta tare ni da wata tambaya. 'Yarta za ta cike fom ɗin JAMB, kuma gida ya rabu biyu. Mahaifin yarinyar yana so ta karanta lauya, kawunta kuwa ya dage sai dai ta karanta tattalin arziki ta shiga bankin zuba jari, wai can ne kuɗi suke. Ita uwar tambayarta ɗaya ce: wanne ne zai bar mata 'yarta da lafiya, ya kuma bar ta ta riƙe gida? Na san akwai irinta da yawa a cikinku, shi ya sa na kawo maganar nan.

Da farko, bankin zuba jari daban yake da bankin da kuke zuwa ajiya ko cirar kuɗi. Ma'aikacinsa ba ya zama a kanta yana ƙirga takardu. Aikinsa shi ne taimaka wa manyan kamfanoni da gwamnatoci su tara jari, ta hanyar sayar da hannun jari ko takardun lamuni, ko kuma ya ba da shawara idan wani kamfani zai sayi wani. Lokacin da kamfanin simintin Dangote ya shiga kasuwar hannun jari a 2010, da lokacin da MTN ya shiga a 2019, irin waɗannan ma'aikata ne suka kwana suna lissafi. Haka ma da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna a 2024 su ƙara jarinsu, har manya masu hulɗa da ƙasashen waje su kai naira biliyan 500, su ne kakarsu ta yanke saƙa, domin kowane banki sai ya nemi wanda zai tsara masa yadda zai sayar da sabon hannun jari.

Hanyar lauya doguwa ce, amma a shimfiɗe take. Shekara 5 a jami'a, shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, ko a hedikwatarta da ke Bwari ko a rassanta irin su Legas da Bagauda da Yola da Inugu, sannan a rantsar da mutum, ya tafi yi wa ƙasa hidima. Wato shekara 7 ke nan, in ba a yi yajin aiki ba. Shi kuwa bankin zuba jari ba shi da digiri nasa na kansa. Yana ɗaukar wanda ya karanta tattalin arziki ko akanta ko injiniya, har ma da lauya, muddin kansa na ja a lissafi. Sai dai ƙofar ƙunci gare ta. Guraben 'yan kaɗan ne, kusan duk a Legas suke, tsakanin Victoria Island da Ikoyi, kuma sun fi son mai sakamako na sama. Da yawa kuma sai sun ƙara da jarrabawar CFA mai matakai 3, wadda ake karatunta da dare bayan an tashi aiki.

Batun albashi, a farkon tafiya ma'aikacin banki ya sha gaban lauya a ƙasar nan, wannan ba a musu. Ƙaramin lauyan da ya faɗa ƙaramin ofishi yana shan wuya sosai. Zai sa baƙar kwat da farar riga, ya ɗauki jakar maigidansa zuwa kotu, ƙarshen wata abin da zai karɓa sau da yawa da ƙyar yake biyan kuɗin mota da abinci. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta daɗe tana kuka kan wannan. Manyan ofisoshin lauyoyi na Legas da Abuja masu yi wa kamfanonin mai da bankuna aiki suna biya da kyau, amma shigarsu ma sai mai rabo. Abin mamaki, a Amurka labarin ya juye: manyan ofisoshin lauyoyi na New York sun kai albashin sabon lauya dala 225,000 a shekara a ƙarshen 2023, yayin da bankin Goldman Sachs ya mayar da albashin sabon ma'aikaci dala 110,000 a 2021, ban da garaɓasa. To amma lauyan Amurka sai ya gama digirin farko ya ƙara shekara 3, galibi da bashin karatu a wuyansa.

Ita garaɓasar ƙarshen shekara ita ce zumar aikin banki, kuma ba ta da tabbas. In kasuwa ta yi kyau, a yi rabo mai tsoka. In ta faɗi, a hana, wani lokaci ma a rage ma'aikata. Waɗanda suka ga 2008 da 2009 ba su manta ba, lokacin da bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, kasuwar hannun jarinmu ta zube, aka sallami ma'aikatan banki da dama. Shi kuwa lauya, rigima ba ta ƙarewa a duniya: gado, fili, haya, bashi, zaɓe. Kuma darajarsa tana ƙaruwa ne da furfura. Sai ya yi aƙalla shekara 10 da rantsuwa kafin ya nemi lambar SAN ko kujerar alƙalin babbar kotu, kuma tun 2023 alƙalan manyan kotuna sai sun kai shekara 70 suke ritaya.

Yanzu bari mu zo inda ya fi shafar wannan shafi. A 2021 wasu sabbin ma'aikata 13 na Goldman Sachs sun rubuta koke, suka ce suna aikin kimanin awa 95 a mako, barcinsu awa 5 a dare. Ku ɗauki alƙalami ku lissafa. Mako awa 168 ne. A cire 95 na aiki da 35 na barci, saura 38, wato awa 5 da 'yan mintoci a rana. A cikinsu za a yi wanka, a ci abinci, a yi ibada, a yi tafiya zuwa ofis da dawowa. Wanda ke tasowa daga Agege ko Ikorodu zuwa tsibiri ya san gosulo kaɗai zai iya lashe fiye da rabin wannan. A 2013 wani ɗalibi Bajamushe ɗan shekara 21 da ke koyon aiki a wani babban banki a Landan ya rasu sakamakon farfaɗiya, bayan an ce ya jera darare yana aiki har asuba. Mai binciken mutuwar ta ce mai yiwuwa gajiya ta taimaka. Har a 2024 bankin JPMorgan ya ƙayyade wa ƙananan ma'aikatansa awa 80 a mako, kuma wannan shi aka kira sassauci!

Bankunanmu ba kullum suke kai wannan ba, amma idan ciniki ya kankama, ba Asabar ba Lahadi, waya kuma ba a kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike a 2021 da ya nuna mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarancin barci yana ɗaga hawan jini, zaman kujera yana tara ƙiba, ga abincin leda da lemon ƙarin kuzari da ake ɗirka don a kore gyangyaɗi. Idan akwai hawan jini ko ciwon suga ko farfaɗiya a danginku, ku sa wannan a lissafi kafin ku sa albashi.

Kada kuma ku ɗauka lauya yana kwance ne. Lauyan kamfanoni da ke rubuta yarjejeniyar cinikin nan, tare suke kwana da ma'aikacin bankin a ɗaki ɗaya. Lauyan kotu kuma nasa ciwon daban ne. Zai kwana yana shirya takardu, ya yi sammako ya kama hanya zuwa wata jiha, ya isa a ce an ɗage zama. Ga nauyin sanin cewa gidan wani ko 'yancinsa yana hannunsa. Amma kotu tana da lokacin tashi, tana da dogon hutu kowace shekara wajen watan Agusta, kuma aikin yana da rassa: ma'aikatar shari'a, sashen shari'a na kamfani, koyarwa, ko buɗe ofis na kai. A ganina wannan ne babban bambancin ga mai iyali. Lauya zai iya aiki a Ibadan ko Fatakwal ko Kano, duk inda aure ko kula da iyaye ya kai shi. Ma'aikacin bankin zuba jari kuwa a ɗaure yake da Legas da kuɗin hayarta.

Na san wasunku tuni riba ta faɗo musu a rai. Gaskiya ne, wani ɓangare na aikin ya shafi takardun lamuni masu kuɗin ruwa, kuma sabon ma'aikaci ba ya zaɓar cinikin da za a sa shi. Amma fage ya ɗan buɗe tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Irin wannan ciniki yana neman mai lissafi, yana kuma neman lauyan da ya san shari'ar Musulunci, wadda jami'o'i irin su ABU da Bayero da Ilorin ke koyarwa tare da dokar ƙasa. Batun hijabi ma an wuce wurin, tun da aka rantsar da Firdausi Amasa da hijabinta a 2018, bayan an hana ta a shekarar da ta gabata.

Abin da na faɗa wa uwar nan shi ne, idan yarinya ba ta tsayar da ra'ayi ba, lauya ya fi barin ƙofa a buɗe. Wadda ta karanta lauya za ta iya komawa banki daga baya, amma ma'aikaciyar banki ba za ta tsaya gaban alƙali ba sai ta koma jami'a ta fara digirin lauya. In kuwa lissafi ne ke faranta mata rai, karatun dogayen takardu yana gundurar ta, kada a tura ta lauya don kawai a ce akwai lauya a gida. Ku duba sakamakonta: fom ɗin lauya yana neman adabin Turanci, na tattalin arziki yana neman lissafi. Sannan kafin a cike fom, ku nemo mata wanda ya yi shekara 3 a kowane ɗayan aikin, ba wanda ya riga ya zama oga ba. Ta tambaye shi ƙarfe nawa ya dawo gida jiya, da kuma rabonsa da auna hawan jini.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.