Lambar wayar mace amana ce, kar mu mayar da ita makami



Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a guruf-guruf, musamman in siyasa ta ɗau zafi. Mace ta faɗi ra'ayinta ko ta fito takara, sai wani ya ɗauko lambar wayarta, hoton ƙofar gidanta, har sunan makarantar 'ya'yanta, ya watsa a Facebook ko WhatsApp, wai "ga ta nan, ku ji da ita". Shi ke nan, kira ba dare ba rana, zagi da barazana. Wata aurenta ya girgiza, wata ta haƙura da siyasar gaba ɗaya.

To ku sani, doka ba ta ɗauki wannan wasa ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin ƙasa ya kare sirrin mutum, gidansa da maganganunsa na waya. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 24, ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar naira miliyan 25 ga wanda ya aika saƙon barazana ko cin zarafi har mutum ya ji tsoron kisa ko rauni.

Amma fa akwai giɓi. Wanda ya watsa adireshin kawai ya koma gefe, ya bar 'yan korensa su yi barazanar, yana iya zillewa. Ƙasar Holan ta toshe wannan ƙofa tun Janairun 2024: watsa bayanan mutum da nufin tsoratar da shi laifi ne mai zaman kansa, ɗaurin har shekara 2. Irin wannan muke so 'yan majalisarmu su yi, kuma a rubuta ta dalla-dalla, don mun ga yadda aka riƙa kama 'yan jarida da sashe na 24.

Kafin nan, mu gyara namu. Idan irin saƙon ya shigo wayarki, kar ki tura, ko da ta 'yar adawa ce. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Admin, ki goge shi, ki ja kunnen mai shi. Idan ke aka yi wa, kar ki goge komai. Ki ɗau hoton saƙon da lambar da kwanan wata, ki kai wa 'yan sanda, ki sanar da shugabar mata ta mazaɓarku ta raka ki.

Don Allah a tura wa sauran mata. Allah Ya rufa mana asiri.

Taku,
Shugabar Mata