Tukunyar zubi ta yi mana hidima, amma lokacin injin matsa ya yi

Gwangwanin lemo, tukunyar girki mara nauyi da ɓari biyun da ake haɗawa su zama tukunyar gas, duk hanya ɗaya ake bi wajen ƙera su. Ana yanko faifai daga fallen ƙarfe, a ɗora shi a bakin wani ramin ƙarfe mai siffar abin da ake so, a danne gefensa don kada ya tattare, sannan inji ya cusa shi ciki kamar taɓarya a turmi. Ba a narka komai. Ƙarfen ne ke jawuwa har ya tashi bango. Aikin yana da ƙa'ida: idan faɗin faifan ya zarce ninki biyu na faɗin ramin, gindin yagewa yake yi, shi ya sa abu mai zurfi sai an ja shi hawa-hawa.

Wannan sana'a ce ya kamata gwamnatocin jihohin Arewa su zuba wa kuɗi, kuma babban dalilin shi ne lafiya. Tukwanen zubi da suka cika kasuwanninmu daga narkakken tarkacen sanholo ake zuba su, har da sassan injin mota. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano dalma na fita daga jikinsu yayin girki. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Fallen da ya fito daga masana'anta kuwa an san abin da ke cikinsa.

Za a ce fallen sai an shigo da shi. Akwai gaskiya a nan: masana'antun ƙarfe na Katsina, Jos da Osogbo rodi aka gina su su yi, ta Ajaokuta kuma har yau ba a kammala ta ba. To amma sayo falle a matse shi a Kano ya fi sayo ƙerarriyar tukunya daga Sin, domin ladan aikin a gida yake tsayawa. Za a kuma ce inji zai raba maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna da abincinsu. Wannan fargaba ba ta banza ba ce, sai dai inji ba ya yin komai sai da ramin da aka sassaƙa masa, kuma mai sassaƙa ramin nan da gyara shi ne ke cin moriya mafi tsoka. Maƙeran da suka gwanance wajen haɗa mazubi su ya fi dacewa Kwalejin Fasaha ta Kaduna ta fara koya wa wannan aiki. Manyan tukwanen biki, waɗanda matsa su ke buƙatar ƙaton inji, a bar wa masu zubi, amma a samar musu da sanholo mai tsabta da aka gwada.